Maganin kyauta: wa ke biya, kuma yaushe?

Zuwa ga ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙauyukan da takardar nan ke isa hannu zuwa hannu.  Da fatan zubi na tafiya daidai, masu bashi kuma suna maidowa kan lokaci.

Yau maganar lafiya za mu yi, amma ta wajen kuɗi. Duk wadda ta taɓa zama kusa da akwati ranar ba da bashi ta san inda muka dosa. Bashin da aka ɗauka don sarin gyaɗa ko kiwon rago yana dawowa da riba. Bashin da aka ɗauka don takardar magani kuwa ba ya haihuwa: kuɗin sun tafi farmasi, ranar biya kuma tana nan tafe. Daga nan ne ake saida akuya, a taɓa hatsin rumbu tun damina ba ta faɗi ba, wata har jarinta ya karye ta janye daga ƙungiya don kunya.

To ga tambayar. A ƙasar da aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, awon ciki kyauta ne, fiɗar haihuwa kyauta ce, domi har yanzu takardar magani ke cinye mana jari? Amsar tana can inda ake raba kuɗin ƙasa, wato cikin siyasa. Kar kalmar ta ba mu tsoro, ba maganar jam'iyya ko gangami da kiɗa muke yi ba. Siyasar lafiya ita ce shawarar wa zai biya, daga wace tukunya, kuma yaushe. Mu da ke raba bashi kowane mako ai mun san irin wannan shawara.

Yadda aka fara biya a likita

Manyanmu sun tuna lokacin da ba a biyan ko dala a likitar gomnati, sai dai sau da yawa maganin ne babu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da wata dubara: majinyaci ya biya ɗan wani abu, kuɗin su zauna a likitar, a riƙa sayo magani da su don kar kanta ta bushe, kwamitin mutanen gari kuma ya sa ido a kai.

Kafin a baza tsarin a Nijar an yi gwaji a 1993. A gundumar Say, duk babban da ya zo da ciwo yana biyan dala 40, wato sefa 200, ƙaramin yaro kuma dala 20. A Boboye aka bi wata hanya dabam: kowane mai biyan lanho ya ƙara dala 40 a shekara tun yana lafiya, ranar ciwo sai babba ya biya dala 10 kawai, yaro dala 5. Illela ta jahar Tawa aka bar ta yadda take, don a samu abin kwatantawa. Da aka zo dubawa, a Boboye ne zuwa likita ya fi ƙaruwa, musamman wajen mata da yara da marasa ƙarfi.

Ku riƙe wannan da kyau, ƴan uwa. Abin da aka gwada a Boboye shi ne ainihin abin da ake kira inshora, ko asurans yadda ƴan boko ke faɗi: kowa ya zuba kaɗan tun yana lafiya, a kashe wa wanda ciwo ya faɗa wa. Ke nan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, an gwada shi sama da shekara 30 da suka wuce, an kuma ga amfaninsa. Amma bayan dokar 1995, biya ranar ciwo shi ne ya bazu ko'ina. Ba abin mamaki ba ne. Karɓar kuɗi daga hannun uwar da ɗanta ke zafin jiki ya fi sauƙi bisa ga bin masu lafiya gida gida ana neman lanho. Uwa ba ta gardama a wannan rana.

Abin da ya biyo baya mun san shi. Yaro ya kwana da zazzaɓi a ce a jira a gani, a sayi ƙwaya biyu wajen mai tallar magani, sai jiki ya yi nauyi sannan a nemi amalanke. Kuɗin tikiti kaɗan ne a idon mai albashi, amma a gidan da ba a ga tsabar kuɗi ba tun kaka, shi ke hana a fita da wuri.

Shekarun kyauta

A zamanin shugaba Tanja Mamadu, tsakanin 2005 da 2007, aka ɗauke wa jama'a biyan wasu abubuwa a likitocin gomnati: fiɗar haihuwa, awon ciki, maganin tazarar haihuwa, jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da sankarar mama da ta mahaifa. A faɗi gaskiya, wannan mataki ya ceci rayuka. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 198 ne ke rasuwa kafin su cika shekara 5. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Ba kyautar kaɗai ta yi aikin ba, don a shekarun ne aka gina ƙananan likitocin karkara kusan 2000, aka raba sange mai magani, aka ƙarfafa rigakafi da kula da tamowa. Amma buɗe ƙofar likita ga uwar da ba ta da ko dala yana cikin manyan dalilai. Da yawa cikinmu suna da saurayi ko budurwa a gida yau albarkacin wannan.

Sai dai kyauta ba ta nufin babu mai biya. Kwalbar maganin sai an saye ta, safar hannu da zaren ɗinki sai an saye su, man ambilans sai an zuba. Ga yadda tsarin yake: majo ya duba yaro, ya ba shi magani daga kantar likita, ya rubuta a takarda. Ƙarshen wata ya haɗa takardun ya aika gunduma, gunduma ta aika jaha, jaha ta aika Yamai, sannan baitulmali ya biya. Wato likitar ce ke ba gomnati bashi. In an biya ta kan lokaci sai ta sake sayo magani, abu ya ci gaba da juyawa. In ba a biya ba fa?

Ku ɗauka asusunmu ne. A ce mun ba mutum ɗaya rabin akwati bashi, babban mutum ne wanda ba mai iya zuwa ƙofar gidansa neman biya. Ya yi wata shida shiru, ya yi shekara shiru. Ranar da wata ta zo neman rance sai mu buɗe mata akwati ta ga ƙasansa. Haka ta faru da likitoci da yawa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi likitoci sun rubuta abin da suka gani: biyan yana jinkirin watanni, wani lokaci har shekaru, bashin kuma ya taru ya kai miliyar da yawa na sefa. Da kanta ta bushe, sai duba ya zama kyauta, magani kuma a miƙa miki takarda a ce ki je ki saya.

A nan ne fushinmu ke sauka inda bai kamata ba. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta, ta zo an ba ta takarda, sai ta ce majo ne ya ɓoye maganin. Majo kuma yana zaune da tulin takardun da ba a biya ba, ya kasa biyan mai gadi da mai shara. Ba mu ce duk ma'aikaci tsarkakakke ba ne. Akwai masu karɓar na goro, akwai masu saida abin da aka kawo kyauta, kuma dole a tsawata musu. Amma in muka tsaya kan faɗa da wanda ke gabanmu kaɗai, wanda ya riƙe kuɗin a sama sai ya yi barcinsa lafiya.

Ina siyasar take?

Sanarwa aikin rana ɗaya ce. Ana yin ta a rediyo da talabijin, da sunan shugaba, kowa ya yi tafi. Biya kuwa aikin kowane wata ne, a ofis, ba kiɗa ba tafi. Shi ya sa kowace gomnati, ta masu kaki ko ta masu babbar riga, ta fi saurin sanarwa bisa ga biya. Kuma in kuɗi suka yi kaɗan a baitulmali, ana fara sallamar waɗanda muryarsu ke kai wa sama. Mai albashi yana da sandika, yana iya yajin aiki. Masu bin ƙasa bashi suna da takardar yarjejeniya. Yaro ɗan shekara 2 da ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ba ya yajin aiki, uwarsa kuma ba ta da sandika.

Ku duba ma'aikacin gomnati: in an kwantar da shi asibiti, gomnati na ɗauke masa kaso mafi girma na kuɗin. Ma'aikatan manyan kamfanoni kuma suna da asurans ɗinsu. Ba hassada muke yi ba, haƙƙinsu ne. Abin da muke nunawa shi ne ƙasar ta san yadda ake wannan tsari. Inda ake da tsararrun mutane masu magana da murya ɗaya, ana samun hanyar biya.

Kar kuma mu ɗauki maganin kyauta a matsayin sadakar da aka yi mana, wadda dole mu karɓa mu sunkuyar da kai. Muna biyan haraji ko ba mu da albashi. Kaya da yawa na shago akwai harajin da ake kira TVA a cikin kuɗinsu, kashi 19 cikin 100. In muka sa kati a waya akwai rabon gomnati a ciki. Ranar kasuwa muna biyan tikitin rumfa, mazajenmu suna biyan lanho. Daga irin waɗannan kuɗi ne ake biyan likita. Kuɗinmu ne ke zagayowa su dawo mana, in sun dawo.

A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasa don lafiya. Ƙasashe kaɗan ne ke cika shi shekara bayan shekara. Alkawari kaya ne, kuma ba laifi a tuna wa wanda ya ɗauka.

A ƴan shekarun nan an kafa wata hukuma mai suna INAM, wadda aikinta shi ne kula da biyan kuɗin wannan kyauta da taimakon marasa ƙarfi. A 2024 kuma hukumomin ƙasa suka sanar da rage kuɗin duba da awo da kwanciya a likitocin gomnati da rabi daga farkon watan Satumba, haihuwa kuma ta zama kyauta. Mun yi murna, abin murna ne kuwa. Amma tambayar 2006 tana nan daram: rabin da aka ɗauke mana, wa zai zuba wa likita shi, kuma cikin wane wata? In an amsa ta da kuɗi a hannu, ragin zai tsaya da ƙafarsa. In an amsa ta da takarda, za mu sake haɗuwa da shi a farmasi.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Ƴan uwanmu masu fatauci zuwa Kumasi da Ankara, da danginmu da ke zaune a zango, sun san katin lafiya na Gana. Can ma da sai ka biya kafin a taɓa ka, har abin ya zama babbar maganar zaɓen shekara ta 2000. A 2003 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne inda suka samo kuɗin: sun ƙara kashi 2 da rabi cikin 100 a kan harajin kayan saye, suka ce wannan na lafiya ne. Yara da tsofaffi da marasa ƙarfi an ɗauke musu zubin shekara, mata masu ciki ma haka tun 2008. Duk da haka su ma asibitocinsu sun sha kukan jinkirin biya. Ke nan ware tukunya dabam yana taimakawa, amma sai an ci gaba da sa ido a kan mai riƙe da ludayi.

A Ruwanda kuwa ta hanyar ƙungiyoyin unguwa da ƙauye aka bi, waɗanda ake kira mutuwel. An fara gwajinsu a 1999, daga baya shiga ta zama dole, har suka game yawancin jama'ar ƙasar. Kowane gida na zubi a shekara, amma mafiya talauci gomnati ce ke zuba musu. Maƙwabtanmu na Najeriya su ma a 2022 sun yi dokar da ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, tare da asusu na musamman don marasa ƙarfi, ko da yake masu dangi a Katsina da Kano sun san tsakanin doka da ƙofar asibiti akwai tafiya.

Darasi biyu muke ɗauka a nan. Na ɗaya, babu ƙasar da talakanta suka samu inshora da zubinsu kaɗai. Dole kuɗin ƙasa su shigo su ɗauki nauyin wanda ba ya iya zubi, in ba haka ba wanda ya fi bukata shi ne zai tsaya a waje. Na biyu, in shiga ta ganin dama ce, masu ciwo da masu ciki ne ke rugowa, masu lafiya su ce sai baɗi. Tukunyar da masu ɗiba suka fi masu zubawa yawa ba ta daɗewa.

Abin da asusunmu zai iya, da abin da ba zai iya ba

Tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi aka haife shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau kuma ƙasashe da yawa suna koyi da shi. Akwati mai makulli uku, kowane makulli a hannun mace dabam, ƙirga kuɗi a gaban kowa, da ɗan asusun taimako na gefe don ciwo da rasuwa da gobara. Wannan asusun na gefe ƙaramar inshora ce, ko ba mu kira shi da sunan ba.

Wasu na cewa ajiye kuɗi don ciwo kiran ciwo ne. To ai ba wanda ya taɓa cewa gina rumbu kiran yunwa ne. Lafiya da ciwo na hannun Allah, tanadi kuma an bar mana shi.

Amma mu yi lissafi, kar mu ruɗi kanmu. A ce mu 30 ne, kowace na zuba dala 20 a mako a asusun taimako. Jika 3 ke nan a mako, jika 156 a shekara. Wannan zai biya kuɗin mota zuwa likitar gunduma cikin dare, ya sayi magani na ƴan kwanaki, ya ciyar da mai jinya. Amma babbar fiɗa ɗaya, ko karaya biyu, ko doguwar jinya a Yamai, sai su share shi tas. Ga kuma lokacin zazzaɓi: daga Agusta zuwa Oktoba yara ke kwantawa kusan tare, a gida goma lokaci ɗaya, daidai sanda rumbu ya yi ƙasa. Ƙaramar tukunya ba ta ɗaukar irin wannan. Sai babba, wadda ta haɗa birni da ƙauye, mai albashi da mai talla, mai lafiya da majinyaci. Irin wannan tukunya ƙasa ce kaɗai ke iya girka ta.

Shi ya sa muke jan kunnen juna. Za a zo ana yabonmu, a ce mata masu dubara ne, su ji da kansu. Yabon ya yi daɗi, amma kar ya zama hanyar sauke mana kayan da ba namu ba. Asusunmu ya toshe ƙananan ramuka. Abin da doka ta ce kyauta ne, bai kamata kuɗin zubinmu su riƙa biyansa a ɓoye shekara da shekaru ba tare da kowa ya sani ba.

To mi za mu yi?

Na farko, mu san haƙƙinmu dalla dalla. Kowace ƙungiya ta wakilta mata biyu su je wajen majo cikin mutunci, ba ranar cunkoso ba, su tambayi abin da ke kyauta da abin da ake biya da nawa ne, su roƙi a liƙa farashin a bango inda kowa zai gani. Su dawo su karanta wa taro.

Na biyu, duk abin da muka biya mu nemi rasit. Ba rashin kunya ba ne, mu ma ai ba ma karɓar zubi sai an shaida a gaban kowa.

Na uku, mu buɗe shafi ɗaya a littafin ƙungiya don maganin da aka ce kyauta ne amma muka saya. Ranar kaza, yaro ɗan shekara kaza, an ce babu a kanta, an saya a kuɗi kaza. Ba sai an sa suna ba. Bayan wata uku a haɗa. Kukan mace ɗaya ana iya cewa surutu ne. Lissafin ƙungiya 20 a rubuce, wanda tarayyar ƙungiyoyi ta kai wa shugaban likitocin gunduma da hukumar komin, dole a zauna a karanta shi.

Na huɗu, mu shiga kwamitin kula da likita, wanda ake kira COGES. A nan ne ake sanin nawa ya shigo, nawa aka sayi magani, nawa likita ke bin gomnati. Mata ne suka fi cika layin awo, amma in aka zo zaman kwamiti sau da yawa maza ne zalla, ko a sa mace ɗaya don cika ido. Muna da mata da suka riƙe akwati shekaru ba a rasa ko dala ba. Su ne za mu tsayar. A wasu gundumomi akwai dala 20 da ake ƙarawa kan tikiti don asusun ambilans. In akwai shi a wajenku, ku tambayi wa ke riƙe da shi, nawa ke ciki, mata nawa aka ɗauka da shi bana. Kuma in lissafi ya nuna gomnati ce ba ta biya ba, mu tsaya tare da majo mu nemi biyan, don kantarsa kantarmu ce.

Na biyar, maganar marasa ƙarfi. Akwai takardar shaidar rashin ƙarfi da ake nema a hukuma don a ɗauke wa mutum kuɗin jinya, amma wadda ta fi cancanta sau da yawa ba ta san da ita ba, ko ba ta da mai raka ta. Mu ne muka san gwauruwar da ke riƙe da marayu, da tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi cin rani ba su aiko ba. In za a rubuta sunayen waɗanda za a ɗauke wa biya, mu nemi a yi shi a bainar jama'a kuma da mu a wurin. In aka bar shi a ɗaki a rufe, sunayen dangi da ƴan gaban goshi ne za su cika takardar.

Na shida, in wani ya zo da maganar mutuwel ko katin lafiya, ko daga gomnati ko daga wata ƙungiya, kar mu kore shi, kar kuma mu yi saurin zubi. Mu yi masa tambayoyin da za mu yi wa duk mai son riƙe akwatinmu. Wa ke riƙe da kuɗin, kuma makulli nawa ne? Wane ciwo katin ke biya, wane ne ba ya biya? A wace likita ake karɓarsa? Cikin kwana nawa ake biyan likitar? In babu magani a kanta muka saya a waje, ana maido mana? Wa ke zuba wa wadda ba ta da shi? Sannan mu nemi a karɓi zubin shekara da kaka, sanda akwai hatsi da gyaɗa da wake a hannu, ko ranar rabon asusu. Wanda ya zo neman zubi a tsakiyar damina bai san mu ba.

Duk wanda ya zo neman goyon bayanmu kuma, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, in ya ce zai kawo magani kyauta, mu yi masa godiya, sannan mu tambaye shi nawa likitarmu ke bin gomnati yau, da ranar da za a biya. Atamfa da sabulun da ake rabawa wata ɗaya suke yi. Biyan likita kan lokaci kuwa kowace damina za mu ga amfaninsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A taronku na gaba, bayan an gama zubi, ku ɗauki ɗan lokaci ku tattauna wannan magana, ku zaɓi mata biyun da za su je wajen majo, ku buɗe shafin nan a littafi. Abin da kuka samu ku ba wakiliyarku ta aiko mana, mu haɗa na jahohi mu buga a wannan fili don kowa ya ga na kowa.

Masu jinya Allah ya ba su sauƙi, masu ciki Allah ya sauke su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.